Na'urar da ke sauraron zuciyar jariri tun yana ciki: yadda aka ƙera ta

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan sautin da kuke ji, bugun zuciyar jariri ne da bai iso duniya ba tukuna. Takan buga sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya, kusan ninki biyu na bugun zuciyar mahaifiyarsa. Duk matar da ta taɓa zuwa awo ta san shi. Yau za mu bi sawun na'urar da ke kama wannan sauti ta rubuta shi a takarda, wadda ma'aikatan asibiti ke kira CTG.

Likitoci sun daɗe da sanin ana iya jin zuciyar ɗan tayi. A 1821 wani likitan Faransa, Kergaradec, ya ɗora abin sauraron ƙirji a kan cikin wata mai juna biyu, ya ji ta. A 1895 Adolphe Pinard, shi ma Bafaranshe, ya fito da ɗan ƙahon nan mai siffar mazurari, wanda har gobe ungozomomi ke kara kunne a kansa a asibitocinmu.

To, me ya rage wa ƙahon? Ku biyo ni a hankali, domin a nan zancen yake. Duk lokacin da nakuda ta murɗa, mahaifa kan matse hanyoyin jinin da ke kai wa mabiyiya, sai iskar oksijin da jariri ke samu ta ragu na ɗan lokaci. Jariri mai ƙoshin lafiya yana jure wannan. Wanda ya fara galabaita kuwa, zuciyarsa ce ke faɗa. Idan bugun ya sauka daidai lokacin murɗawar, ya kuma dawo da ta lafa, galibi kansa ne ke matsuwa a ƙugu, ba abin tashin hankali ba ne. Idan sai bayan murɗawar ta kai ƙololuwa sannan bugun ya sauka, ya yi jinkirin dawowa, kuma hakan ya riƙa maimaituwa, alama ce mabiyiya ta fara gazawa. Idan kuma saukar ta zo kwatsam, ba tsari, sau da yawa cibiya ce ta danne. Bambancin duk a lokaci yake, wani sa'in na daƙiƙoƙi kaɗan. Kunne yana iya ƙirga bugu, amma ba ya ajiye abin da ya ji minti ashirin da suka wuce don a gwada shi da na yanzu.

Mutum uku ne suka fi shahara wajen tunkarar wannan matsala, kowa a ƙasarsa. Edward Hon a Jami'ar Yale ta Amurka, wanda ya wallafa aikinsa a 1958. Roberto Caldeyro-Barcia a Montevideo ta ƙasar Uruguay, wanda har yau ma'aunin ƙarfin nakuda ke ɗauke da sunan birninsa. Sai Konrad Hammacher, likitan mata a Düsseldorf ta Jamus. Hanyoyin mutum biyun farko sun fi dogara ga shigar da abu cikin jiki, ko siririn bututu cikin mahaifa, ko 'yar waya da ake maƙala wa fatar kan jariri bayan faya ta fashe. Hammacher ya nace sai dai a auna daga waje, a kan fatar ciki, ta yadda za a iya duba mace tun kafin nakuda ta tashi.

Ya ɗora makirufo a kan ciki, amma ciki ba wuri ne mai shiru ba. Ga kukan hanji, ga bugun jijiyoyin uwa, ga motsin jaririn kansa, sannan kowane bugun zuciya sauti biyu yake fitarwa. Sai da ya ƙirƙiro dabarar lantarki mai tantance bugu na gaskiya daga hayaniya. Da dabarar ta tsaya, sai ya nemi mai ƙerawa, ya samu reshen kamfanin Hewlett-Packard da aka buɗe a garin Böblingen, kusa da Stuttgart, a 1959. Kamfani ne da aka sani da kayan awo na injiniyoyi, ba da ɗakin haihuwa ba. A 1968 suka fitar da HP 8020A, na'urar farko irinta da aka sa a kasuwa mai aunawa daga waje.

Ku dubi takardar nan da ke fitowa. Layin sama, bugun zuciyar jariri. Layin ƙasa, murɗawar mahaifa, wadda wata ɗamara da ake ɗaura wa ciki ke ji. Ajiye su biyun a kan takarda ɗaya shi ne babban abin da aka samu, kuma tsarin bai canza ba har yau.

Abin da ke cikin akwatin ne ya yi ta canzawa. Makirufo ya ba wa sautin Dopla wuri, wato sautin da kunne ba ya ji, wanda ake aikawa ciki ya daki zuciya mai motsi ya dawo. A 1999 aka ɓalle sashen kayan asibiti daga Hewlett-Packard zuwa sabon kamfanin Agilent, a 2001 kuma Philips ta saye shi, kuma na'urorinta masu suna Avalon daga wannan zuriya suka fito. Na yanzu suna bin tagwaye a lokaci guda, wasu ba su da waya, mace na iya tashi ta zagaya. Suna kuma auna hawan jinin uwa da bugun zuciyarta. Kada ku ɗauki wannan na ƙarshe ƙawa. An sha samun na'ura ta kama bugun uwa ta rubuta shi a matsayin na jariri, takarda ta yi kyau alhali jaririn yana cikin hatsari. Shi ya sa ake auna su biyun a gwada, idan suka zo ɗaya na'urar ta yi gargaɗi.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Na'urar ta mamaye asibitocin Turai da Amurka kafin a gwada ta yadda ya kamata, bisa fatan za ta rage mutuwar jarirai da shanyewar gaɓoɓi da ke biyo bayan illar ƙwaƙwalwa. Da aka zo gwaji, ciki har da babban binciken da aka yi a birnin Dublin na ƙasar Ireland, aka wallafa a 1985, a kan mata kusan 13,000, sakamakon bai kai fatan ba. Nazarin 2017 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ya tattara gwaje-gwaje 13 da suka shafi mata fiye da 37,000. Ɗaura na'urar tun daga farkon nakuda har ƙarshe ya rage jijjigar jarirai sabbin haihuwa da kusan rabi, amma bai nuna raguwar mutuwa ko shanyewar gaɓoɓi ba, kuma matan da aka yi wa aiki sun ƙaru. Takardar tana yawan tsorata likita a kan jaririn da lafiyarsa lau, kuma ƙwararru biyu kan karanta takarda ɗaya su saɓa.

Don haka a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai lafiya da nakudarta ta zo da kanta ba ta buƙatar a ɗaura mata ita kullum. A saurara da ƙahon Pinard ko ƙaramar Dopla ta hannu kowane minti 15 zuwa 30, sannan kowane minti 5 idan an kai ga yunƙuri. A ganina wannan shawara ta ba ungozoma darajarta. Inda ciki ke da hatsari, kamar hawan jini, zubar jini, ko jaririn da bai girma yadda ya kamata ba, nan ne CTG ke da babban aiki.

Sai dai sauraro kowane minti 15 yana buƙatar ma'aikaciya da ke da lokaci. Kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara a duniya, fiye da kashi 40 cikin ɗari a lokacin nakuda suke rasuwa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawansu. Wannan ya sa masu ƙera na'ura suka koma ga ƙanana. Akwai Dopla da ake wana ta da hannu, ba ruwanta da wutar lantarki, an gwada ta a Uganda. Akwai Moyo ta kamfanin Laerdal na Norway, wadda aka ƙera tare da ma'aikatan asibitin Haydom a Tanzaniya. Mace na rataya ta a wuya, tana aiki da caji, tana kuma ƙara idan bugun ya kauce, ko da ungozoma tana kan wata mai nakudar.

Idan ta yi ƙarar, abin yi sananne ne: a juya mace ta kwanta a gefen hagu, a tsayar da ruwan nakuda in an sa mata, a duba ko cibiya ta zazzago, a kira likita. Idan bugun bai gyaru ba, sai a fito da jariri da gaggawa, kuma a yanayi mafi tsanani asibitoci da yawa minti 30 suke ɗaukar wa kansu daga yanke shawara zuwa haihuwa. A ƙaramin asibitin da ba ɗakin tiyata, wannan ƙara tana nufin a nemo mota nan take, a kuma kira babban asibiti tun kafin a tashi don su tanadi jini da likita.