Majigin aji: wai sai malam ya yi rubutu a baibai?

To jama'a, ga akwatin nan da ya tada ƙura kwanan nan. An nuna wa 'yan zamani hotonsa, wani ya ce injin hotokofi ne, wani ya ce sikana ce, akwai ma wanda ya rantse injin ƙyanƙyasar ƙwai ne, wallahi na yi dariya har da hawaye. Majigi ne. Majigin aji, wanda malam ke ɗora leda garai-garai mai rubutu a kansa rubutu ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Kalmar majigi ɗin ma tsohuwa ce a bakinmu, daga "majik lantan" ta Turawa ta samo asali, tun zamanin da ake yawo da mota gari-gari ana haska wa mutane fim a fili da daddare.

Amma ba sunan ne ya sa na karkaɗe masa ƙura ba. Gardamar da ta biyo baya ce. Mutane sun hango madubin nan da ke kansa sai suka ce ai dole malaman da a baibai suke rubutu, kamar yadda ake rubuta sunan motar asibiti a gabanta don direban gaba ya karanta ta madubi. Har ana yaba musu wai sun yi ƙoƙari. Sun yi ƙoƙari kam, amma ba a wannan ba.

Bari mu leƙa cikinsa da sauri. Ga ƙwan fitila, ga fanka a gefe don kar zafi ya kashe shi, ita ce ke wannan ƙugin da kuke ji. Wannan faifan mai zobe-zobe da ke ƙarƙashin gilashi shi ke tattara hasken ya tura shi sama wuri guda, dabarar wani Bafaranshe ce Augustin Fresnel, a shekarun 1820 ya yi ta don fitilun bakin teku masu nuna wa jiragen ruwa hanya. Sai wannan wuyan mai kama da na raƙumi, a ƙarshensa akwai ido, wato gilashi mai ƙara girma, sannan madubi a karkace. Shi kenan kayan cikin. Babu kwamfuta, babu waya sai ta wuta. Sojojin Amurka sun yi horo da irinsa lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma ya cika ajujuwan makarantun Amurka ne bayan Rasha ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, a 1958 suka yi dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi, kamfanonin da ke ƙera majigin irin su 3M suka samu kasuwa. Tarihi ya isa haka.

Yanzu ku lura da kyau, nan ne wurin. Na tsaya inda malam ke tsayawa, fuskata na kallon aji, bango na bayana. Ga leda, ga maka, wato alƙalamin da ake rubutu da shi a kan ledar. Zan rubuta KANO. Kun gani, yadda nake rubutu a littafi haka na rubuta, K a hagu na, O a dama na. Na kunna. Ku kalli bango. KANO. Ba ONAK ba, ba kai ƙasa ba.

To ina madubin ya kai juyin da ake tsoro?

Abin da ake mantawa shi ne kafin haske ya kai ga madubi sai ya ratsa ta idon nan tukuna, shi kuwa ido aikinsa ke nan, ya kife abu. In kuna da gilashin ƙara girma a gida ku miƙa hannu da shi ku kalli taga, za ku ga tagar ta koma kai ƙasa, hagu ya koma dama. To haka ya yi wa rubutuna. K ɗin da ke hagu na, da ya ratsa ido ya tsallaka ya koma dama na. Ku riƙe wannan. Yanzu haske ya wuce ta kan kafaɗata ya sauka a bango, K yana ɓangaren dama na. Amma ɗalibi fa ba inda nake kallo yake kallo ba, fuska da fuska muke, dama na shi ne hagunsa, kamar in kun gaisa da mutum ai hannun damansa ta ɓangaren hagunku yake zuwa. Saboda haka K ya faɗa masa a hagu, daidai inda ake fara karatun boko. Ido ya juya sau ɗaya, tsayuwar da muka yi fuska da fuska ta mayar da shi.

Madubin kuma fa? Bawan Allah, shi aka ɗora wa laifi alhali bai taɓa hagu da dama ba. Leda a kwance take, bango kuwa a tsaye, aikin madubi kawai ya tada kwantacce ya tsayar da shi. Ku bi yatsana. Saman rubutun yana can gefen ɗalibai, ido ya dawo da shi gefena, madubi ya karɓa ya ɗaga wannan gefen ya mai da shi saman bango. Bari in sake a hankali da kibiya. Kan kibiya na kallon aji. A bango kanta na kallon rufi. In na juyo da kan wajena, kun ga ta kalli ƙasa.

Don haka ƙa'idar guda ɗaya ce, ka tsaya kana fuskantar aji, ka ajiye ledar yadda kai za ka iya karantawa. In ka zagaya ta gefen ɗalibai ka daidaita ta daga can, ga abin da za ka samu, kai ƙasa. In ka kife ledar ta koma rub da ciki, to nan ne ONAK ɗin naku zai fito, haruffan ma duk a baibai. Na gwada da ajami don masu cewa ai namu daga dama yake farawa. Ga shi, lafiya lau, na'urar ba ruwanta da inda ka fara.

Ina zargin inda ruɗanin ya samo asali, akwai ɗan'uwansa, majigin ƙananan hotuna masu firam da ake zura su ɗaya bayan ɗaya. Shi wannan gaskiya ne kai ƙasa ake sa hoton, don ba shi da madubin da zai tayar, kuma mai haskawa da masu kallo duk bango suke fuskanta. Sai kuma kyamarar gaba ta waya da ta saba mana da ganin rubutun rigarmu a juye, muka ɗauka duk inda madubi ya shiga haka abin yake.

Ni a ganina wannan ne ma ya sa na'urar ta yi farin jini wajen malamai, ba girman rubutun ba. Da allo da alli dole ka ba yara baya, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da ke faruwa da zarar ka juya, takarda ta fara tashi sama, ana tsunkule, ana raba ƙuli-ƙuli. Da wannan kuwa kana rubutu idonka na kansu. Ba sai ka waiwaya ka nuna da sanda ba, ka kwantar da biro a kan gilashi inuwarsa ta nuna maka. Duk malamin da kuka ga yana juyawa yana nuna bango da hannu, kansa ya tare rabin hasken, to ya mai da majigi allo mai cin wuta.

Sauran a gurguje. Ka rufe ledar da takarda kana ja ƙasa layi-layi don kar masu saurin kwafa su riga ka. Ka jera leda kan leda, ga taswirar Najeriya, na ɗora ta biyu kogin Neja da Binuwai sun fito sun haɗu a Lokoja, na ɗora ta uku ga layin dogo daga Legas har Kano. Wannan ni har yau yana burge ni. Maka iri biyu ce, mai gogewa da jiƙaƙƙen tsumma da wadda sai da sifirit, kuma in hannunka na gumi mai gogewar za ta bi tafinka ta bar rabin darasi a jikinka. In hoton ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, ka ɗan sunkuyo da saman farin allon da ake haskawa a kai gaba.

Kuma dan Allah kar a sa kowace leda a injin hotokofi. Akwai ta musamman mai jure zafi. Lokacin da nake koyon koyarwa na kai ta rubutun hannu wani shago, ta narke ta nannaɗe a cikin injin, mai shagon bai zage ni ba amma kallon da ya yi min har yau ina tunawa, kuma kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita.

Bari in kashe. Kun ga ban taɓa shi ba, ƙwan yana da zafi sosai yanzu, in aka jijjiga shi a haka zaren cikinsa na iya tsinkewa. A bar shi ya huce tukuna kafin a ɗaga, wannan ƙwan da ƙyar na samo shi.