Shago a Tsakar Gida: Yaushe Ake Rufewa?

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka. Kamar kullum ina tare da Hajiya, wadda ta daɗe tana ɗinki a cikin gidanta, da Malam, wanda yake saro shadda da yadi a Kantin Kwari yana sayarwa ta WhatsApp daga zaurensa. Hajiya, sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin iyayenmu mata sun soya ƙosai, sun yi ƙuli-ƙuli, sun ɗinka hula ba tare da sun leƙa kasuwa ba. To me ya sa ta zamaninmu take cinye mutum haka?

HAJIYA: Bambancin, ƙanwata, shi ne sana'ar iyayenmu tana da lokacin tashi. Idan ƙosai ya ƙare da hantsi aka kife kasko, sai kuma gobe. Ni kuwa shagona yana cikin waya, wayar kuma tana ƙarƙashin matashin kaina. Ƙarfe sha ɗaya na dare mace za ta turo hoton ɗinkin da ta gani a jikin wata a wurin biki, idan ban amsa ba kafin asuba ta ce na fara wulaƙanta mutane. Wadda ta zo da kanta kuwa, tun da ta yi sallama ta shigo falo ta zama baƙuwa. Dole a shimfiɗa mata, a kawo ruwa, a tambayi maigida da yara. Awon da bai fi minti biyar ba sai ya ci awa guda, girkin rana yana kan wuta, yara sun dawo daga makaranta suna jiran a shirya su zuwa Islamiyya.

MALAM: Wannan kunyar ce tushen matsalar, Hajiya. Mai shago a kasuwa yana ja ƙofa ya sa kwaɗo, ba wanda zai ga laifinsa. Amma a gida, idan na ce wa mutum na tashi, ji yake kamar na kore shi daga zaurena. Na daɗe kafin na yi ƙarfin halin raba layi biyu, ɗaya na iyali, ɗaya na ciniki. A manhajar WhatsApp Business akwai wurin rubuta lokutan aiki da saƙon da yake tafiya da kansa idan mutum ba ya nan, sai na rubuta cewa ba na amsa ciniki daga magariba sai ƙarfe tara na safe. Wasu sun yi fushi, amma waɗanda suke saye da gaske sun saba cikin ƴan makonni.

MAI GABATARWA: Malam, kai namiji ne, kana rufe waya ka tarar da abinci a gabanka. Anya wannan dabarar za ta yi wa mace aiki?

MALAM: Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba.

HAJIYA: Gara da ka amsa da bakinka. Mace idan ta tashi daga kan keke, wani aikin ne yake jiranta. Kuma ba ni kaɗai nake tsara lokacina ba, wutar lantarki ma tana tsara mini. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, tayar da janareta saboda riga biyu ya zama asara, don haka idan aka kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare sai in tashi in yi guga da aikin da yake buƙatar keken lantarki, da rana in koma kan na ƙafa. Amma inda na fi jin jiki shi ne goman ƙarshe na azumi. Wata shekara na karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfina, mutane suna tahajjud ina kan keke, zare a baki, almakashi a cinya. Ranar idi da safe ƴata ta fito da tsohuwar rigarta, domin atamfarta tana nan a ninke ban ko yanka ba. Ba ta ce mini komai ba, ta dai tsaya tana kallon yaran maƙwabta sanye da ɗinkin hannuna. Tun daga shekarar nake fara ɗinka na gidana a watan Sha'aban, kuma nakan rufe karɓar aiki idan azumi ya kai sha biyar, ko wace ce ta kawo.

MAI GABATARWA: Har da dangi?

HAJIYA: Nan ne ake yin ta. Dangi su ne masu kawowa a makare, su ne kuma masu cewa a rubuta. Idan ka tambayi kuɗinka a ce ka fifita kuɗi a kan zumunci.

MALAM: Batun kuɗin ma babi ne guda. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, sai ciniki da cefane suka haɗu a asusu ɗaya. Kuɗin shadda ya shigo da safe, da yamma na sayi buhun shinkafa da shi, na biya kuɗin makaranta, ranar komawa Kwari in tarar uwar kuɗin ta zaizaye ban san ta ina ba. Yanzu asusun ciniki daban yake, kuma duk ƙarshen wata nakan yanka wa kaina albashi kamar yaron shago. Wanda yake son bashi a cikin dangi, daga albashin nan nake ba shi, in ya ƙare in ce masa babu, ban kuwa yi ƙarya ba.

MAI GABATARWA: Hajiya, ke kin iya cewa babu?

HAJIYA: Ga baƙo na iya. Amma gwaggona ta aiko da turmi uku ana jibi Sallah, kuma na ɗinka, kuɗin ma har yau ban tambaya ba.

MAI GABATARWA: Allah ya bar zumunci. Masu sauraro, lokaci ya kama mu, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.