Laccar Agege: toka da robar da wuta ke bi ta cikinta

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, da ku masu gyaran waya na Ikeja da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa.

Kowa a nan yasan wutar lantarki bata bin roba, shi yasa ake nade wayar wuta da ita. Masana ma haka suka dauka har 1977, lokacin da Shirakawa dan Japan da Heeger da MacDiarmid a Amurka suka nuna akwai robar da in an sa mata aidin sai wuta ta rika wucewa. A 2000 aka basu kyautar Nobel. Cikin dangin robar nan wadda zamu tattauna itace polianilin, don tafi arha kuma hadata ba wuya, wani sinadari ne mai suna anilin da ruwan asid da wani gishiri mai suna amoniyom fasalfet, a dora kwanon kan kankara ayi ta juyawa har koren gari ya kwanta.

To ina toka ta shigo? Tashoshin lantarki masu kona kwal, irin na Indiya da Sin, suna tara toka tsibi tsibi har ta zame musu kaya. Garin lukwi ne, kwayoyinsa kulu kulu, yawanci silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi, da alumina, dangin alminiyom, da tsatsar karfe, wasu ma cikinsu fanko ne har yawo suke kan ruwa. Sai masu bincike suka ce bari mu zuba ta tun ana juya hadin, robar ta bi ta lullube kowace kwaya kamar yadda suga ke lullube gyada.

Nan nake so ku natsu don nan ake rudewa. Tokar ita kanta bata daukar wuta, fatar robar da ke jikin kwayoyin ce ke dauka, in sun taba juna sai hanya ta bude. Shi yasa galibi kana kara toka wutar na raguwa, in ka zarce ma hanyar ta yanke. Kuma akwai wani tarko, polianilin sai da asid take aiki, toka mai farar kasa da yawa kuwa shanye asid take, sai kaga koren ya koma shudi, in ya koma shudi to wallahi aikin ya lalace. Dole a wanke tokar, a tankade, a gwada ta tukuna.

Amma ribar fa? Kudi ya ragu, kayan yafi jure zafi tunda ita toka ta riga ta ci wuta, kuma ba ko ina ake bukatar wuta mai karfi kamar ta jan karfe ba. Ku 'yan Ikeja kunsan ledar da ake sako allon kwamfuta ciki, aikinta kawai ta zubar da 'yar wutar nan ta gogayya kar ta kona kaya. Irin wannan aikin, da tare siginar da ke damun na'ura, da auna danshin iska, da fentin hana tsatsa, duk ana gwada hadin a kansu. Mu da gishirin teku ke cinye mana karfe a Apapa ai fentin nan namu ne.

Alhaji ya tambaya, to mu ina zamu samu tokar? Gaskiya ne Alhaji, tashar lantarki ta Egbin da ke Ikorodu gas take konawa, ta Oji River mai kwal kuwa ta dade da tsayawa. Amma buntun shinkafa da ke jibge a masana'antun Kano da Kebbi, tokarsa silika ce sama da kashi 80 cikin 100, abin na min ciwo inga iska na kwashe ta alhali dalibanmu na neman abin bincike.

Sai dai don Allah kar wani ya gwada a daki. Anilin guba ce, ta fata ma shiga take, tokar kwal kuma tana iya zuwa da dalma da gubar asenik, kurarta ma illa ce ga huhu, aikin dakin gwaji ne da safar hannu da takunkumi.