Yadda VLAN da yawa ke tsallake gadar wayales ɗaya

To jama'a, gini biyu ne, ɗaya nan ɗaya can, ba halin jan kebul, sai aka kafa rediyon Wi-Fi biyu suna kallon juna a 5GHz, gadar wayales ke nan. Amma netwok ɗin ginin farko ba ɗaya ba ne, an raba shi gida-gida a kan na'urori ɗaya, kowane gida shi ake kira VLAN, akwai na ma'aikata VLAN 10, na kyamarori VLAN 20, na baƙi VLAN 30, kuma ana so duka ukun su isa can ba tare da sun cakuɗe ba. Ba sai an sayi rediyo shida ba, biyun nan sun isa.

Abin da ke raba su wata 'yar alama ce da suwic, na'urar da kebul-kebul ɗin netwok ke haɗuwa a cikinta, ke liƙa wa fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa, bayit 4 kacal, ƙa'idar 802.1Q ke nan, a ciki lambar VLAN take, daga 1 zuwa 4094. Don haka ƙofar suwic ɗin da rediyo ke ciki dole ta zama tirank, wato ƙofa mai ɗaukar VLAN da yawa da alamominsu, nan da can, a ba lambobin uku izini duka. Shi rediyo aikinsa ya karɓi fakiti da alamarsa ya miƙa, kada ya taɓa komai.

To a nan fa ake shan wuya. Wi-Fi irin wanda wayarka ke hawa adireshin MAC, wato lambar shaidar na'ura a netwok, uku ne a jikin fakitinsa, don an ɗauka na'urar da ta hau ita kaɗai ce, ba kowa a bayanta. Gada kuwa ai kwamfutoci ne cike a bayanta, dole sai da adireshi na huɗu da zai nuna wa ya aiko tun asali. Shi ne WDS ɗin da kuke gani a saitin. A rediyon kamfanin MikroTik akwai wani saiti mai irin wannan aiki, station-bridge, amma fa sai ɗayan gefen ma MikroTik ne yake aiki. In ba ka kunna ɗaya daga cikin biyun ba sai ka ga sigina ya cika fal, rediyon biyu sun haɗu lafiya lau, amma kyamarar can ta ƙi samun IP, ka yi ta zargin suwic alhali ba ruwansa. Ni dai shawarata ka sayi biyun kamfani ɗaya, kowane kamfani da yadda yake yin WDS ɗinsa.

Sai girman fakiti, alamar nan ta mai da bayit 1518 zuwa 1522, ka tabbata rediyon na wucewa da shi. Ka gwada daga Windows, ping -f -l 1472 zuwa wata na'ura da ke can, a kowane VLAN. In ƙaramin ping na tafiya babban ya ƙi, to a MTU matsalar take, wato iyakar girman fakitin da ke iya wucewa.

Kar kuma ka ɗauka VLAN na raba gudu, iskar ɗaya ce, kyamarori za su iya cinye ta kaf in ba ka sa iyaka ba. VLAN ba ya ɓoye bayanai kuma, sai ka kunna WPA2 a gadar.

Ranar da za ka mai da rediyon kansu kan VLAN na gudanarwa, wato wanda ake bi a shiga saitinsu, don Allah fara da na nesa, sannan na kusa. In ka fara da na kusa ka yanke kanka daga na can, sai an hau sama an yi masa risat da hannu.