Kifin da ya rasa fikafikan ciki

Ku dubi wannan ramin da kyau. Tsaga ce a jikin dutse a hamadar Nebada ta Amurka, sunanta Devils Hole, wato ramin shaiɗan. Masu nutso sun yi ƙasa fiye da mita 130 ba su taɓo ƙarshensa ba. Ruwansa ɗumi ne rani da damina, wajen digiri 33, kuma iskar shaƙa a cikinsa kaɗan ce ƙwarai.

A nan wani ɗan kifi yake zaune, tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsa ba, kuma a dawa babu shi ko'ina sai nan. Dangin killifish ne, irin ƙananan kifayen nan masu jure wuya. Mu ma muna da ɗan'uwansu wanda ƙwansa ke kwanciya cikin busasshiyar laka har damina ta dawo, sunansa na kimiyya ma daga kogin Kiyawa aka ɗauko shi.

To ku lura da cikin kifin nan na ramin shaiɗan. Yawancin kifaye suna da ƙananan fikafikai biyu a ƙarƙashin ciki, da su suke daidaita jiki da tsayawa cak a ruwa. Wannan ba shi da su. Ga ƙaton kai, ga manyan idanu, sai ka ce jariri ne da ya ƙi girma.

Ina suka tafi? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce bai buƙace su ba, sai suka ɓace. Amma a 2006 masu bincike biyu, Sean Lema da Gabrielle Nevitt, sun ɗauko 'ya'yan wani ɗan'uwansa na kogin Amargosa, mai cikakkun fikafikai, suka rene su cikin ruwa mai ɗumi irin na ramin, suka rage musu abinci. Da yawansu suka tashi da ƙaton kai, fikafikan ciki kuwa ba su fito ba. Yunwa ta rage sinadarin tayirod a jikinsu, wato sinadarin ƙwayar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo ga ɗan Adam. Fikafikan ciki kuwa su ne na baya-baya wajen tsirowa, don haka in girma ya tsaya, su ake fara yin asara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wannan a zuriya ɗaya ya faru.

Ba shi kaɗai ba ne. Kifayen Orestias na tafkin Titikaka, sama da mita 3,800 a kan tsaunukan Andis, ba su da waɗannan fikafikan. A tafkin Hazar na Turkiyya kuma akwai wanda ɓawon jikinsa ne ya tafi.

Shi na ramin shaiɗan, a 1976 sai da Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita wa wata gona zuƙar ruwan ƙasa saboda kada falalen dutsen da yake ci yake ƙwai a kai ya bushe. Duk da haka, da aka ƙirga su a 2013, guda 35 kacal aka gani.