Kwabo Mai Huda: Kafin Ka Ɗauko Toka da Lemun Tsami

Auta: To jama'a, mun dawo. Tun makon jiya kowa sai turo mana hoton kwabo mai huda yake, wai nawa za a saya.

Hajiya: Ni ma na zo da nawa. A gwangwanin kakarmu na samu, har da sule biyu. Duba Malam, jiya na goge su da toka da lemun tsami.

Malam: Innalillahi! Hajiya, kin goge?

Hajiya: Ai sun yi baƙi ƙirin.

Malam: Wannan duhun da shekaru suka ɗora masa shi masu tarawa ke so. Miƙo nan. A gefe ake riƙewa, ba a ɗora yatsa a fuskarsa. Auta, haska fitilar wayarka. Kin ga waɗannan siraran layuka kamar an ja da allura? Tokar ce ta karce shi. Kwabon da bai taɓa shiga kasuwa ba, in ka juya shi a haske, ƙyallin zagayawa yake kamar sifokin keke. Wanda aka goge kuwa haskensa a tsaye yake, kamar gindin tukunyar da ta sha wanki. Kuma ba ya dawowa.

Hajiya: Wallahi abin ya yi min ciwo. Kayan kakata ne.

Malam: Ba ke kaɗai ba ce. Yanzu ga yadda ake dubawa. Inda ya fi tudu shi ke fara cinyewa. A sulen nan na Sarkin Ingila Joji na shida, kan sarkin za ki fara duba, sai ki juya ki ga ganyen bishiyar kwakwar. In kina iya rarrabe ganyen ɗaya bayan ɗaya, bai sha hannu sosai ba. In sun haɗe sun zama dunƙule, ya yi yawo. Shi kuma mai huda ba hoton sarki, sai kambi, da rubutun Larabci, da tauraro mai tsini shida a baya. Ki lura da bakin hudar, don da a zare ake shirya su, zaren yana cin wurin.

Auta: Lambobin nan fa da ake cewa 65, 70?

Malam: Ma'aunin Sheldon ke nan na auna kyan tsabar kuɗi, wani Ba'amurke ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama, kuɗin da bai taɓa yawo ba. Kamfanoni irin su PCGS da NGC ke dubawa su rufe a roba. In suka ga alamar gugewa, lambar ma ba za su ba shi ba, sai su rubuta an wanke.

Auta: To ni dalar gidanmu 1780 aka rubuta a jiki.

Malam: Ta kowa ma haka take! Shekarar da Mariya Tareza, sarauniyar Austriya da hotonta ke jiki, ta rasu ke nan, aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar har yau.

Hajiya: Tsaya, dala ba sule biyu ba ce?

Malam: Wannan fataka ce, amma ana ce mata dala.

Auta: A Maraɗi kuma dala sefa biyar ce.

Hajiya: To taro fa? Kwabo uku. Sisi shida. Nai tara.

Auta: Ahu?

Hajiya: Kwabo da ɗari, wato kwabo da rabi! Kai da aka haifa bayan naira ta zo a 1973, ina ka san ahu?

Auta: Ai har gobe ana cewa ba ni da ko anini.

Malam: Anini goma ne kwabo ɗaya. Na farkon, na 1907, da alminiyam aka yi shi, ba nauyi ko kaɗan.

Hajiya: Kakarmu ta ce da anini ake sayen ƙosai.

Auta: Malam, lokaci. Mun ce za mu yi maganar farashi, da ƙananan haruffan nan H da KN na jikin kwabon.

Malam: Alamar masana'antun buga kuɗi na Birmingham ta Ingila ce, sai mako mai zuwa. Hajiya, sauran na gwangwanin dai kar ki taɓa su, ki sa kowanne a takardarsa daban.

Hajiya: Guda huɗu suka rage. Zan kawo su yadda suke.