Littattafan da nake ba ku shawara, da inda kowanne yake kayar da mai karatu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Manchester nake magana, yau kuma ba yawon gari za mu fita ba, ga littattafai nan na tara a kan tebur. Ɗalibai 'yan uwanmu da ke nan sukan tambaya wane littafin Turanci za su ɗauka wanda ba na jarrabawa ba. Sunayen littattafai ba su da wuyar samu. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne inda littafin zai yi masa tauri, sai ya kai shafi na arba'in ya ajiye, ya ce ai shi karatu ba nasa ba ne. To, yau kowane littafi na ɗaga zan gaya muku inda ake tuntuɓe a cikinsa da yadda ake wucewa.

Mu fara da masu hana barci. Da yawanmu da James Hadley Chase muka buɗe ido, don haka saurin labari ba baƙonmu ba ne. Wanda ya saba da Chase, abin da ya dace ya ɗauka na gaba shi ne wannan, The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, na 1971. Forsyth ɗan jarida ne, ya yi aikin ɗauko rahoto a yaƙin Biyafara, kuma hannun ɗan jarida a bayyane yake a rubutunsa. Labarin ya taso daga abin da ya faru da gaske: a watan Agusta 1962 wasu 'yan ƙungiyar OAS, masu fushi da sakin Aljeriya, suka buɗe wa motar shugaban Faransa Charles de Gaulle wuta a wajen birnin Paris, ya tsira. Daga nan marubucin ya ƙaga cewa ƙungiyar ta yi hayar wani Bature da ba a san sunansa ba a kan dala rabin miliyan.

Kowa ya san ba a kashe de Gaulle ba, amma duk da haka ba ka iya ajiye littafin, saboda daɗinsa yana cikin yadda ake yin abu ne. Za ka ga yadda mutumin ya samo fasfo da takardar haihuwar yaron da ya daɗe da mutuwa, da yadda ya zauna da maƙerin bindiga a Beljiyam yana faɗa masa tsayi da kaurin kowane ƙarfe. Inda ake tuntuɓe shi ne babin farko, ya cika da sunayen hafsoshin Faransa da tarihin OAS. Kada ku tsaya haddace su. Kuma ɗan sandan da zai bi sawunsa, Claude Lebel, ba ya fitowa sai a kashi na biyu cikin kashi uku na littafin. Idan kun ji kamar babu wanda za ku goya wa baya a farko, haka aka gina shi, ku ci gaba.

John le Carré kuwa wani ruwa ne daban. Ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya kafin ya koma rubutu, kuma a wurinsa ba gudu, ba tsalle, mutane ne a ɗaki suna yi wa juna ƙarya. Kuskuren da ake yi shi ne farawa da Tinker Tailor Soldier Spy na 1974 don shi ya fi suna. Wannan littafin yana kai da komo tsakanin jiya da yau ba tare da ya sanar da kai ba, ga laƙabobin ma'aikatar leƙen asiri da ba a bayyana ma'anarsu. Ku fara da The Spy Who Came in from the Cold na 1963. Gajere ne, mutum ɗaya kake bi, Alec Leamas, daga katangar Berlin zuwa Jamus ta Gabas. Idan kun gama shi kun san halin marubucin, sai ku koma wancan da biro da takarda, kuna rubuta sunan kowane babban jami'i da laƙabinsa. Nasa na 2001, The Constant Gardener, a Kenya yake, a kan gwajin maganin tarin fuka a jikin talakawa. Masu sharhi da yawa suna haɗa shi da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma mutumin Kano ba zai karanta shi da sanyin zuciya ba.

Wanda Turancinsa bai gama zama ba, ya ɗauki And Then There Were None na Agatha Christie, 1939. Mutum goma a tsibiri, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, jimloli gajeru. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka leƙa shafukan ƙarshe.

Sai ƙagen kimiyya. Kada wani ya ce muku wannan fanni baƙo ne a wurinmu, tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya. Ƙofa mafi sauƙi a Turanci ita ce The Martian na Andy Weir. An bar ɗan sama jannati Mark Watney shi kaɗai a duniyar Mars, an ɗauka ya mutu. Kowane babi matsala ce da lissafinta: abinci na kwana nawa ya rage, fili nawa zai shuka dankalin turawa a kai, ruwa lita nawa gonar take so, yaya zai fitar da ruwan daga man roka ba tare da ya tashi da ɗakin ba. Mutane suna tsorata da lambobin. Ba a ce ka duba lissafinsa ba, ka riƙe abu biyu kawai, me ya rasa kuma kwana nawa gare shi. Gargaɗi ga iyaye: akwai ashar a bakinsa tun daga layin farko, don haka ba littafin da za a miƙa wa ƙaramin yaro ba ne haka kawai.

Yanzu ga babban, Dune na Frank Herbert, 1965. Kun ga kaurinsa. Bari in juya muku bayansa, ku duba nan: akwai ƙamus na kalmomin da marubucin ya yi amfani da su, ga kuma taswira. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai sun gama littafin, ko kuma sun ajiye shi. Ku sa takarda a wurin tun ranar farko, kalma ta shige muku duhu ku juya. Shafi ɗari na farko su ne masu nauyi, don an jefa ka cikin rikicin gidajen sarauta ba tare da gabatarwa ba. Da zarar an sauka a Arrakis, duniyar da babu komai sai rairayi, labarin ya miƙe.

Mu muna da abin da mai karatu na nan ba shi da shi. Kalmomin da Bature yake wahala da su, irin su Mahdi da jihadi da Lisan al-Gaib, mu da kunnenmu muka tashi da su. Kuma wanda ya san ƙishin bazara a Agadas ko Gashuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin mutanen da ke auna arziki da ruwa. Akwai wurin da shugaban mutanen hamada ya tofa yawu a kan tebur a gaban sarki, dogarai suka zabura, sai aka yi musu bayani cewa girmamawa ce, ya ba da kyautar ruwan jikinsa. Wannan wurin kaɗai ya isa ya nuna muku irin tunanin da aka zuba a littafin. Sai dai ku sani aro ya yi, ya cakuɗa Musulunci da wasu addinai ya gina abin da ya ƙaga, ba littafin aƙida ba ne kuma ba da wannan ido ake karanta shi ba. Sannan kada ku ɗauki Paul, tauraron labarin, a matsayin gwarzon da za a yi wa tafi. Herbert gargaɗi yake yi a kan jama'ar da ke miƙa wuya ga mutum ɗaya, kuma ya fito da wannan ƙarara a littafi na biyu, Dune Messiah, na 1969.

The Three-Body Problem na Liu Cixin, ɗan ƙasar Sin, Ken Liu ya fassara shi zuwa Turanci a 2014, ya ci kyautar Hugo ta ƙagen kimiyya a 2015. Abin da ke kayar da mutane sunaye ne. A tsarin Sinawa sunan dangi ne yake zuwa farko, kuma akwai jerin sunayen mutanen labarin a gaban littafin, ku yi amfani da shi. Mutanen cikinsa ba su da zurfi sosai, gaskiya, ra'ayoyin ne suke ɗauke da shi, kuma na biyunsa, The Dark Forest, ya fi shi a ganina. Daga gida kuwa akwai Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya. Littafinta Binti bai kai shafi ɗari ba, dare ɗaya ya ishe shi. The Shadow Speaker nata a ƙasar Nijar aka kafa shi, a shekarar 2070.

Amma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a wannan fanni, labarin farko na cikin Exhalation na Ted Chiang zan zaɓa, The Merchant and the Alchemist's Gate. Wani ɗan kasuwar Bagadaza ne a gaban halifa yana ba da labarin wata ƙofa da in ka shiga take kai ka shekara ashirin baya ko gaba. Ƙa'idar ƙofar ita ce abin da ya faru ba ya sauyuwa. Kana iya komawa ka gani, ka fahimci abin da ba ka fahimta ba, amma ba ka goge komai. Salon na Dare Dubu da Ɗaya ne, labari cikin labari, kuma maganar ƙaddara da tuba da ke ciki za ta zauna wa duk wanda ya yi makarantar allo. Bai fi zaman awa ɗaya ba.

Na gaskiya kuma, waɗanda ba ƙage ba. Wanda ya ji daɗin le Carré ya wuce kai tsaye zuwa The Spy and the Traitor na Ben Macintyre, 2018, tarihin Oleg Gordievsky, jami'in KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat, da ya yi wa Birtaniya aiki a ɓoye sama da shekara goma. Da asiri ya fara tonuwa a 1985, alamar neman ceto ita ce ya tsaya a bakin wani titi a Mosko riƙe da ledar wani kantin Ingila. A but ɗin mota aka fitar da shi ta iyakar Finland. Yadda aka wuce karnukan kan iyaka ba zan faɗa muku ba.

Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya kamata ya kasance a kowane gida namu. Aure, kishi, ƙawance, bori, harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, duk daga bakin mace wadda ta gani da idonta. Akwai doguwar gabatarwa ta masana a gaba, ku tsallake ta ku fara da muryar Baba, daga baya ku dawo. The Sokoto Caliphate na Murray Last, 1967, daga kundin digiri na uku ya samo asali, don haka ba a karanta shi a kwance. Babi ɗaya a zama ɗaya, da taswira a gefe.

Akwai darasi a littattafai biyu da aka rubuta a kan yadda aka kwashe tsofaffin rubuce-rubucen Timbuktu zuwa Bamako bayan masu ɗauke da makamai sun kama garin a 2012. Na Joshua Hammer, 2016, ya ba da labarin Abdel Kader Haidara, wanda ya jagoranci kwashe su, da daɗin ji. Na Charlie English, The Book Smugglers of Timbuktu, 2017, ya sa alamar tambaya a kan yawan rubuce-rubucen da aka ce an kwashe da girman haɗarin da aka ce suna ciki. Ku karanta su a jere, a haka. Haka ma Thinking, Fast and Slow na Daniel Kahneman, 2011, littafi ne mai amfani ƙwarai a kan yadda tunani ke yaudarar mai shi, amma babi na huɗu ya dogara da wasu gwaje-gwaje da masana suka sake yi ba su sami sakamako ɗaya ba, kuma shi kansa Kahneman ya amince da haka daga baya. Ko da littafi ya ce gaskiya yake faɗa, ku juya bayansa ku duba daga ina ya samo.

Maganar samu. Wanda ke nan Ingila kada ya fara da saye. Katin laburaren unguwa kyauta ne, galibi shaidar adireshi kawai ake nema, aro kuma yawanci mako uku ne kana iya sabuntawa. Da wannan katin za ka shiga manhajar Libby ko BorrowBox, gwargwadon wadda laburarenka ke amfani da ita, ka ari littafin karantawa ko na sauraro a waya. Idan littafin yana hannun wani, ka sa sunanka a layi. Shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji kuma cike suke da Forsyth da le Carré da Christie a kan fam biyu ko uku. Ku lura da kauri: in kun ga Jackal siriri kamar littafin firamare, taƙaitaccen bugu ne na masu koyon Turanci, an cire duk bayanan da suka sa ya yi daɗi. Waɗanda ke gida kuma masu saye a hannun 'yan tebur, ku buɗe tsakiya da ƙarshe ku bi lambobin shafi kafin ku biya, don bugun jabu yakan zo da shafuka a juye ko babu na ƙarshe gaba ɗaya.

Batun ƙamus, kada ku duba kowace kalma, yana kashe labari. Kalmar da ta dawo sau uku kuma ta hana ku gane abin da ke faruwa, ita za ku duba. Sauran ku ja musu layi da fensir ku wuce, in littafin naku ne ba na laburare ba.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, Allah ya bar zumunci.